Yadda Ake Shirya Motar Gudu Domin Ranarta Ta Farko A Filin Tsere

A Ingila da Jamus da Amurka da Dubai da Afirka ta Kudu, filayen tseren motoci sukan ware wasu ranaku su buɗe ƙofa ga duk mai lasisin tuƙi da ya biya kuɗin shiga, ya zo da motarsa ta hawa, ya zaga filin da iya gudun da hankalinsa ya ɗauka. Ba gasa ba ce, ba a ba da kofi, a Ingila ma an hana direba ɗaukar lokacin da ya yi a zagaye, domin da zarar an fara ƙirga daƙiƙoƙi abin ya zama tsere a idon kamfanonin inshora. Ba kuma irin wasan motar da samari kan yi a titi ranar biki ba ne, domin a nan kowa yana tafiya ne fuska ɗaya, babu mai tafiya a ƙasa, akwai ma'aikata masu tutoci a kowace kwana, ga motar asibiti a ajiye.

Abin da yawancin masu zuwa karo na farko suke kuskurewa shi ne, suna zaton motar tana bukatar ƙarin ƙarfi. Mota irin Toyota GT86 ko Mazda MX-5, kamar yadda ta fito daga kamfani, ta fi ƙarfin gwanintar sabon direba nesa ba kusa ba. Abin da ke mayar da mutane gida tun kafin azahar shi ne zafi: zafin birki, zafin taya, zafin baƙin mai. Duk shirin da za a bayyana a nan yana komawa ne ga yadda mota za ta jure zafin da ba ta taɓa gani a titi ba. Za a ɗauki misalai daga filayen Ingila da kuma GT86, amma tsarin ɗaya ne ko a Yas Marina ta Abu Dhabi ko a Kyalami ta kusa da Johannesburg.

Kafin a biya kuɗin shiga

Matakin farko ba a gareji yake ba, a kan takarda yake. A zaɓi fili mai yalwar fegi a gefen kwalta, inda mota za ta iya zamewa ta tsaya ba tare da ta daki shinge ba. Bedford Autodrome, wanda tsohon filin jirgin sama ne, yana da irin wannan yalwa, shi ya sa ake yawan tura sababbin direbobi can. Cadwell Park kuwa matsattse ne, yana da hawa da gangara, ga bishiyoyi kusa, ya fi dacewa a bar shi sai hannu ya faɗa. A kuma nemi ranar da aka keɓe wa sababbi, ko wadda aka raba direbobi rukuni-rukuni kowa da lokacinsa, maimakon ranar da ake barin ƙofa a buɗe kowa ya shiga sa'ad da ya ga dama, inda sabon direba zai ƙare yini yana kallon madubi.

Sai a karanta ƙa'idar ƙara. Filayen Ingila suna kusa da gidajen mutane, kuma kowanne yana da iyakar ƙarar da hukumar yankin ta yarda da ita. Da safe ma'aikaci zai riƙe na'urar awo rabin mita daga bakin salansa, a karkace, ya ce a taka totur har injin ya kai kashi uku cikin huɗu na iyakar juyawarsa. A wurare da yawa iyakar tana tsakanin desibel 98 da 105 ne. A Bedford 101 ce a tsaye, sannan akwai wasu na'urori a gefen fili masu auna motar tana wucewa. Motar da ba a taɓa salansarta ba ba ta da fargaba. Wanda ya sa salansar kasuwa mai rugugi kuwa, ya auna ta tun a gida, domin ƙarin desibel 3 kacal yana nufin ƙarfin sautin ya ninka, kuma wanda ya faɗi awon ba kasafai ake mayar masa da kuɗinsa ba.

Abu na uku shi ne inshora. Inshorar titi ta yau da kullum ba ta biyan ɓarnar da ta faru a filin tsere, kuma al'adar waɗannan ranaku ita ce kowa ya ɗauki asarar motarsa ko da wani ne ya buge shi. Akwai inshorar yini ɗaya da ake saya musamman, wadda take biyan gyaran motar mai ita kaɗai, bayan ya fara biyan wani kaso daga aljihunsa. Wanda ke mafarkin farawa da filin Nürburgring na Jamus, mai tsawon kusan kilomita 21, ya sani cewa a ranakun 'yan yawon buɗe ido ana ɗaukarta a matsayin titi mai dokokin hanya, kuma duk wanda ya daki shinge shi zai biya kuɗin shingen da na motar janwe da na lokacin da aka rufe hanya saboda shi. A ganina ba wurin koyo ba ne.

Wata guda kafin ranar: a ɗaga motar

A kai motar wurin bakaniken da aka yarda da shi da sauran makonni uku ko huɗu, domin idan an sami matsala a samu lokacin odar kaya. A gaya masa dalilin binciken a fili, saboda abin da zai ce "zai kai ka wata shida" a titi, a fili ba zai kai awa biyu ba. Bayan an ɗaga ta, a kama kowace taya da hannu biyu, sama da ƙasa, a girgiza. Idan ta yi motsi ko ta yi ƙara, boris ya fara ci. A sake kamawa hagu da dama domin a gane ko mahaɗan sitiyari sun yi sako-sako. A duba shokazoba ko tana tsiyayar mai, a duba robobin da ke rufe mahaɗan ƙafa ko sun yage, a bi ƙarƙashin inji da giya da fitila ana neman ɗigon mai. Ɗigon da ake haƙuri da shi a bakin gida, a fili yana sauka ne a kan kwaltar da mota ta baya za ta taka cikin kwana. A tabbatar an ɗaure batir da ƙarfensa, ba ajiye shi kawai aka yi ba, an kuma rufe kansa mai alamar tarawa.

Birki

Nan ne ya kamata mafi yawan kuɗi da hankali su tafi. Aikin birki shi ne mayar da gudu ya zama zafi, kuma zafin yana ƙaruwa ne ninki huɗu duk sa'ad da gudu ya ninka sau biyu. Mota mai nauyin kilo 1,250, idan ta sauko daga kilomita 180 a awa zuwa 70 a bakin kwana, zafin da ta zuba wa birkinta cikin daƙiƙoƙi kaɗan ya isa ya kai ruwa lita huɗu ga tafasa. A titi ana iya yin irin wannan taka birki sau ɗaya a shekara. A gajeren zagayen Brands Hatch, wanda bai kai kilomita biyu ba, direba zai taka birki da ƙarfi a kwanar Paddock Hill, ya sake takawa a kwanar Druids bayan 'yan daƙiƙoƙi, ya dawo wuri ɗaya cikin kusan minti guda, haka har minti goma sha biyar ba hutu. Faifan birki yana iya haura digiri 500 a ma'aunin Selsiyas.

Man birki shi ne ya fi saurin gazawa, kuma shi ne ya fi arha gyarawa. Man yana shan laima daga iska a hankali, kuma ruwan da ya sha yana saukar da zafin da yake tafasa. Ƙa'idar ajin man birki mai suna DOT 4 ta ce sabon mai kada ya tafasa ƙasa da digiri 230, amma idan ya sha ruwa kashi 3.7 cikin ɗari, ana yarda ya sauko har 155. DOT 3 kuwa daga 205 yake saukowa zuwa 140, DOT 5.1 daga 260 zuwa 180. Idan man ya tafasa sai tururi ya taru cikin tiyo, shi kuma tururi yana matsuwa, sai direba ya taka feda ta tafi har ƙasa mota ba ta rage gudu ba. Don haka a juye man gaba ɗaya, ba ƙari za a yi a kan tsoho ba, a zuba sabo daga gwangwanin da aka buɗe a ranar. Mai irin Motul RBF 600 ko Castrol SRF yana haura digiri 300 kafin ya tafasa, kuma dukansu suna cikin dangin DOT 4. A kiyayi DOT 5 wanda babu ɗigo da ɗaya a bayansa: na silikon ne, ba ya gauraya da sauran, kuma bai dace da mota mai ABS ba, wato na'urar da ke hana taya kullewa idan an taka birki. Bayan juyen a fitar da iska daga kowace ƙafa bisa jerin da littafin motar ya tsara, har sai fedar ta yi tauri tun daga sama.

Sai fad, wato ɓangaren da ke matse faifan. A auna kaurin abin da ya rage banda ƙarfen baya. Sabo yakan kai milimita 10 ko fiye. Idan bai kai rabin haka ba a canza shi, domin yini ɗaya a fili yana iya cin abin da titi zai ci a watanni da dama, kuma siririn fad yana saurin miƙa zafi ga man birki. A duba na ciki da na waje, saboda na ciki yakan riga cinyewa ba a gani. Fad ɗin da kamfani ya sa an yi shi ne domin ya kama tun yana sanyi, ba ya ƙara, ba ya ƙura, kuma idan ya yi zafi fiye da kima yakan daina kamawa. Yana da kyau direba ya san bambancin alamun biyu: idan feda tana da tauri amma mota ta ƙi tsayawa, ga wari kamar na ƙonewar roba, fad ne ya ƙone; idan feda ta yi laushi ta nutse, mai ne ya tafasa. Na farko yakan dawo bayan ya huce, na biyu kuwa sai an sake fitar da iska kafin a koma fili. Ga mota mara nauyi, fad na tsaka-tsaki da aka yi domin titi da fili ya wadatar. Na tsere zalla ba ya kamawa sai ya yi zafi, yana kuka, yana cin faifai, bai dace da motar da za a kai yara makaranta ranar Litinin ba.

Sabon fad yana bukatar a zaunar da shi kafin ranar. A sami hanyar da babu kowa, a taka birki da ƙarfi daga kilomita 100 zuwa kamar 15, ba tare da an tsaya cak ba, sau takwas zuwa goma a jere, sannan a yi tafiyar minti goma ba a taɓa birki sosai ba domin ya huce. Wannan yana shimfiɗa siririn ɓawon fad a fuskar faifan daidai wa daida. Wanda ya tsallake wannan mataki shi ne yake dawowa yana cewa faifansa ya lanƙwashe saboda sitiyari yana karkarwa, alhali sau da yawa ɓawon ne ya zauna tudu da kwari. Faifan kansa a auna kaurinsa a kwatanta da mafi ƙarancin da aka buga a jikinsa, kuma duk tsagar da ta kai bakin faifai, ko ta haɗa rami da rami a faifai mai huji, ta isa dalilin canza shi.

Taya

Ba a bukatar tayar tsere a rana ta farko, kuma akwai hujjar cewa ta titi ta fi koyarwa, domin tana kuka tana gargaɗi kafin ta saki, kuma tana sakin ne a gudun da za a iya gyara kuskure. GT86 ma da gangan aka fito da ita da taya mara kamu sosai, mai girman 215/45 R17. Abin da ake nema shi ne tayoyi huɗu iri ɗaya, ko aƙalla biyun gaba iri ɗaya biyun baya iri ɗaya, babu ƙullutu a gefe, babu tsaga, babu faci kusa da kafaɗa. A karanta lambobi huɗu na ƙarshe da ke bayan DOT a gefen tayar: 2321 yana nufin mako na 23 na shekarar 2021. Tayar da ta haura shekara biyar ko shida robarta ta bushe ko da zanenta yana nan. Dokar Ingila ta ce zurfin zane kada ya gaza milimita 1.6, kuma da wannan tayar za a koma gida, saboda haka a zo da aƙalla milimita 4. Yawancin filayen Turai ana zaga su ne ta hannun dama, abin da ya sa tayar gaba ta hagu take shan wahala fiye da sauran.

Iska ita ce aikin da za a yi ta maimaitawa a ranar, don haka a sayi geji mai kyau da famfo. A fara da adadin da ke rubuce a jikin ƙofar direba, wanda a GT86 35 ne a ma'aunin matsin iska na psi. Bayan fitar farko ta minti goma, iskar za ta iya hawa da psi 4 zuwa 8 saboda zafi, sai tayar ta kumbura a tsakiya, motar ta fara santsi. Da an fito a auna nan take tun tana da zafi, a rage ta ta dawo kusa da adadin da ke ƙofar, a rubuta abin da aka samu a kowace ƙafa. Kada a yi azarɓaɓin ragewa tun tana sanyi da safe, domin tayar titi mai ƙarancin iska tana kwantawa a kan gefenta cikin kwana ta cinye kafaɗarta. Dabarar da aka saba ita ce a shafa alli a kafaɗar tayar. Idan allin ya goge har ya gangara gefe, iska ta yi kaɗan.

Notinan wili a ɗaure su da sifana mai awon ƙarfi, ba da bindigar iska ko tsalle a kan sifana ba. Na GT86 ana ɗaure su a kan 120 a ma'aunin ƙarfin ɗauri na Nm, kowace mota kuma adadinta yana cikin littafinta. A sake dubawa da tsakar rana bayan ƙafafun sun huce, domin ɗaure noti a kan ƙarfe mai zafi yana iya ja wa zaren lahani.

Inji da sanyaya shi

Idan lokacin juyen baƙin mai ya kusa, a yi shi kafin ranar, da sabuwar filta da man da kamfani ya ambata. A cika shi har alamar sama ta sandar awo, kada a wuce ta. Dalilin cikawar shi ne, a doguwar kwana baƙin mai yana taruwa gefe ɗaya na kaskonsa, kuma idan ya yi ƙasa famfon zai ja iska na ɗan lokaci, wanda ya isa ya lalata inji mai juyawa sau dubu bakwai a minti. A zo da ƙarin lita ɗaya, a riƙa dubawa bayan kowane fita biyu, domin injin da ba ya shan mai a titi yana iya sha a fili. Idan motar tana nuna zafin baƙin mai, a sassauta da zarar ya doshi digiri 130.

Ruwan lagireto a duba shi da safe inji yana sanyi, a matsa tiyoyin da hannu a ji ko sun yi laushi ko sun bushe, a wanke ƙura da ganye daga fuskar lagireton, a tabbatar fanka tana tashi. Murfin lagireto ƙaramin abu ne mai arha, amma idan ya daina riƙe matsi ruwa zai tafasa da wuri. Man giya da na difarenshal na baya, idan ba a san ranar da aka canza su ba, a canza. Wanda zai yi wannan rana a Dubai Autodrome ko Yas Marina ya ninka kulawarsa a wannan sashe, ya kuma zaɓi watannin sanyi ko zaman dare.

Fetur zai tafi ninki biyu ko uku na abin da aka saba. A cika tanki da mai mai yawan okten a gidan mai mafi kusa da filin, domin na cikin fili ya fi tsada, kuma kada a bari ya sauka ƙasa da kashi ɗaya cikin huɗu, saboda a kwana man yana gujewa bakin famfo injin ya yi shaƙuwa a daidai inda ake bukatarsa.

Game da sauran kayan da 'yan kasuwa za su tallata, irin su ƙarin ƙarfin inji ta kwamfuta, da saukar da mota, da fiffike a baya, shawarata ita ce a bar kuɗin a aljihu. A biya mai koyarwa na filin ya zauna a gefe na minti ashirin da safe. Abin da zai gyara a layin da direba yake bi da wurin da yake taka birki ya fi duk waɗannan kaya rage wa motar wahala.

Daren jajibiri

A kwashe duk abin da ba a ɗaure ba: tabarmar ƙafa, musamman ta direba wadda kan zame ta shiga ƙarƙashin feda, gorunan ruwa, caja, tsabar kuɗi, carbi ko turaren da ke rataye a madubi, da komai na cikin but. A nemo ƙugiyar janwe, wadda galibi tana tare da jak, a ɗaura ta a raminta na bamba, domin idan mota ta maƙale a tsakuwa ba a same ta ba, ma'aikata za su ja ta ne ta inda suka samu. A wanke gilashi ciki da waje. A jaka a sa lasisi, da takardar shiga, da geji, da famfo, da sifanar wili, da baƙin mai, da ragowar man birki, da safar hannu, da tef mai ƙarfi, da ruwan sha mai yawa.

Hular kwano wajibi ce. Yawancin masu shirya ranakun Ingila suna karɓar hular babur mai alamar ECE 22.05 ko 22.06, kuma suna ba da haya. A Amurka an fi neman mai alamar Snell SA, wadda cikinta ba ya saurin kama wuta. A gwada zama cikin motar da hular a kai tun a gida, saboda a ƙaramar mota dogon mutum zai iya tarar da kansa yana gugar rufi. Mai mota buɗaɗɗiya irin MX-5 ya tambaya ko ana bukatar hula mai rufe fuska ko ƙarfen kariya a bayan kujera. Tufafi su rufe hannu da ƙafa, na auduga, ba masu yalwar da za ta kama giya ba, takalmi kuma rufaffe mai siririn tafi.

A filin

A iso da wuri, a yi rajista, a kai motar awon ƙara inji yana da ɗumi, a halarci bayanin safe, wanda babu mai shiga fili sai ya saurare shi. A nan za a faɗi ta wane gefe ake wucewa. A Ingila yawanci ta hagu ne, a miƙaƙƙiyar hanya kaɗai, kuma sai na gaba ya ba da sigina ya kauce ya ɗaga ƙafa daga totur. Za a kuma bi tutoci: ruwan ɗorawa haɗari ne a gaba, a rage gudu, ba wucewa, ja an dakatar da zaman, a koma a hankali, mai ratsin ja da ɗorawa akwai mai ko santsi a kwalta, shuɗiya akwai wanda ya fi ka gudu a baya, baƙa kai ake kira ka fito, mai dara-daran baƙi da fari lokaci ya ƙare.

A gyara zama kafin a tayar da mota. A matso da kujera har a iya take kuloci ko birki zuwa ƙasa gwiwa tana ɗan lanƙwashe, a miƙar da jingina har wuyan hannu ya iya sauka a saman sitiyari kafaɗa ba ta bar kujera ba, hannaye a ƙarfe tara da ƙarfe uku. Na'urar hana zamewa a bar ta a kunne. Idan fitilarta tana yawan ƙiftawa, tana nuna cewa hannu ko ƙafar direba sun yi gaggawa ne, kuma abin lura, tana aiki ne ta hanyar taɓa birki, don haka mai tuƙin fizge-fizge yana ƙona birkin baya bai sani ba.

Kowane fita ya kasance minti goma zuwa sha biyar. Zagaye na farko na ɗumama taya da mai ne, na ƙarshe kuma na hucewa ne, a yi shi a rabin gudu ana kauce wa birki gwargwadon iko, ana kallon madubi. A taka birki da ƙarfi na ɗan gajeren lokaci mota tana miƙe, maimakon a ɗora ƙafa a kai tun daga nesa ana jan sa, domin dogon ja ya fi tara zafi. Da an dawo wurin ajiya, kada a ja hanbirki, kada kuma a tsaya da ƙafa a kan feda, saboda fad mai zafi yana manne wa faifai ya bar tabo. A kashe motar a cikin giya a wuri mai daidai, ko a sa wa taya waigi. A buɗe bonet, a auna iska, a leƙa kaurin fad ta tsakanin wili, a duba ƙasa ko akwai ɗigo. Murfin lagireto kuwa ba a taɓa shi sai ya huce sarai.

Direba ma yana da iyakarsa. Ana tsayar da fili kamar awa guda da rana, wanda ya isa a ci abinci mara nauyi a yi azahar a huta. Hankali yakan fara dushewa da la'asar, daidai lokacin da mutum ya fara jin ya iya, kuma taya da birki sun riga sun gaji. Wanda ya lura ya kuskure wurin taka birki sau biyu a jere, ya fito ya sha ruwa, idan kuma ya sake faruwa ya tattara kayansa. Saboda wannan dalili bai kamata a sa ranar farko cikin azumi ba.

Kafin a kama hanyar gida, a bar motar ta huce, a mayar da iskar tayoyi adadin da ke ƙofa, domin wadda aka rage da zafi za ta yi ƙasa sosai idan ta yi sanyi. A duba zane da kafaɗar kowace taya, a duba notina, a cire ƙugiyar janwe, a gwada birki a hankali tun cikin harabar filin. A titi kuma a riƙa kallon allon gudu, saboda bayan yini a kilomita 160, tafiyar kilomita 100 tana zama kamar rarrafe a ido. Cikin makon da ya biyo baya a sake ɗaga motar, a duba fad da faifai da boris, a fitar da ɗan man birki daga kowace ƙafa idan fedar ta yi laushi, sannan a ajiye takardar da aka rubuta awon iska da yanayin ranar a cikin motar, domin daga waɗannan lambobi za a fara saiti a fita ta biyu.